Me ya sa kujerar sanata ba ta riƙe kowa a Kaduna?

Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, babu wani sanata daga jihar Kaduna da ya wuce shekara takwas a Majalisar Dattawa. Mutum huɗu ne kacal suka yi wa'adi biyu: Dakta Dalhatu Sarki Tafida da Muktar Aruwa, waɗanda suka zauna daga 1999 zuwa 2007, sai Ahmed Makarfi daga 2007 zuwa 2015 (ban da 'yan watannin da Datti Baba-Ahmed ya riƙe kujerar bayan zaɓen 2011 kafin kotu ta mayar masa da ita), sai Danjuma La'ah na Kaduna ta Kudu daga 2015 zuwa 2023. Sauran duk da suka sauka, babu wanda ya wuce shekara huɗu. Kaduna ta Tsakiya ce ta fi kowa saurin sauya hannu. Bayan Aruwa an yi Kabiru Jibril, an yi Janar Sani Saleh, an yi Shehu Sani, an yi Uba Sani, ga Lawal Adamu Usman a 2023. Zaɓe biyar a jere, kowanne da sabuwar fuska.

Akwai masu ganin wannan abin alfahari ne. Suna cewa mutanen Kaduna idonsu a buɗe yake, ba a yi musu sarauta da kujerar zaɓe, wanda ya ci ya ƙoshi ya tashi ya bai wa wani wuri. Na fahimci inda maganar ta fito, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ni ina ganin asara muke yi, kuma abin da ya fi damuna shi ne sau da dama ba talaka ne ke yanke wannan hukunci ba.

Mu fara da yadda majalisar take aiki. Tsarin mulki ya iyakance wa shugaban ƙasa da gwamna wa'adi biyu, amma bai sa wa ɗan majalisa iyaka ba, kuma ba mantuwa aka yi ba. Aikin majalisa aiki ne da ake koyo. Sabon sanata yakan cinye shekarar farko yana gane dokokin zaure, yadda kuduri ke wucewa daga karatu na ɗaya zuwa na biyu, ya shiga kwamiti, a saurari jama'a, ya dawo karatu na uku, sannan a jira Majalisar Wakilai ta amince kafin a kai wa shugaban ƙasa. Yakan koyi yadda ake karanta kasafin kuɗi, wanda littafi ne mai dubban layuka, inda aikin hanya ɗaya kan ɓuya a ƙarƙashin ma'aikatar da ba ka zata ba. Shekara ta biyu da ta uku ne yake aiki. Ta huɗu kuwa ta zaɓen fid da gwani ce, hankalinsa ya koma gida. Kuma dokokin majalisar kansu suna fifita wanda ya daɗe: shi ake fara dubawa a rabon shugabancin manyan kwamitoci, kuma a 2023 sanatoci suka gyara dokarsu suka hana sabon shiga neman kujerar shugaban majalisa ko ta mataimakinsa. Jihar da kullum sababbi take turawa ta yarda ke nan da zama a baya.

Dubi abin da daɗewa ta jawo wa wasu. David Mark ya wakilci Binuwai ta Kudu shekara ashirin, takwas daga ciki yana shugaban majalisa. Ahmad Lawan ya shiga Majalisar Wakilai a 1999, ya haura ta Dattawa a 2007, ya shugabance ta daga 2019 zuwa 2023. Kabiru Gaya ya yi shekara goma sha shida yana wakiltar Kano ta Kudu. Ba ma sai mun fita jihar ba. Abbas Tajuddeen yana wakiltar Zariya a Majalisar Wakilai tun 2011, kuma a zuwansa na huɗu ne ya zama kakaki a 2023. Da mutanen Zazzau sun sauke shi a 2015 da sunan a gwada wani, da wannan kujera ta huɗu a ƙasar nan ba ta zo Kaduna ba. A Majalisar Dattawa ma, matsayi mafi girma da ɗan Kaduna ya taka a wannan jamhuriya shi ne na shugaban masu rinjaye, kuma Tafida ya same shi ne a wa'adinsa na biyu. Makarfi ya riƙe kwamitin kuɗi, amma shi da nauyinsa ya shiga, na tsohon kwamishinan kuɗi kuma gwamna na shekara takwas.

Matsalolin da muke son sanata ya bi mana ba na shekara huɗu ba ne. Masaƙar KTL ta Kakuri ta tsaya tun 2002, tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 ta kwashe shekaru ba ta tace komai, ana ta ware kuɗin gyara. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano an fara aikinta a 2018, aka yi ta ɗage ranar gamawa, har gwamnati ta ƙwace kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannun Julius Berger a 2024. Ga hanyar Birnin Gwari, wadda duk direban da ke lodi a Mando ya san abin da aka gani a kanta. Irin waɗannan suna buƙatar mutumin da zai tuna alƙawarin da minista ya yi a gaban kwamiti shekara biyar da suka wuce, ya zaro takardar ya ɗora masa a kan tebur. Babban sakatare da daraktocin ma'aikata suna nan shekara da shekaru, sun san wanda zai tafi gobe, sun kuma iya jiransa ya tafi.

To wa ke sauke sanatocin namu? Wani lokaci ƙuri'a ce, babu musu. Makarfi guguwar "sak" ta 2015 ce ta tafi da shi, Sulaiman Hunkuyi ya kayar da shi a akwati. A 2023 ma jama'a sun nuna ikonsu, suka bai wa PDP kujerun sanata duka uku, APC kuma ta riƙe gwamna. Wannan hukuncin jama'a ne, ko ya yi wa mutum daɗi ko bai yi ba.

Amma a tuna 2018. A watan Maris na shekarar Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta nema daga Bankin Duniya. Shehu Sani ne shugaban kwamitin basussuka a lokacin, kuma sanatocin jihar uku duk sun tsaya a kan kada a ci. Wata guda kafin haka an rushe gidan Hunkuyi da ɓangarensa na APC ke amfani da shi a matsayin ofis. Kafin shekarar ta ƙare Hunkuyi ya koma PDP, Shehu Sani ya rasa tikiti ya koma PRP. Majalisar da ta biyo baya ta amince da bashin. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani da bakinsa ya shaida wa jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma biyansa na cinye kason jihar. Ba ina cewa sanatocin nan waliyyai ba ne, rikicinsu da gwamna ya girmi maganar bashi, kuma akwai masu nuna titunan da aka shimfiɗa a cikin gari su ce ga inda kuɗin ya tafi. Wannan muhawara ce mai kyau, kuma ita ya kamata a kai gaban masu zaɓe. Abin da duk ɗan siyasa mai tasowa ya ɗauka daga wannan shekara shi ne: ka saɓa wa gidan gwamnati, ka rasa tikiti. Sanatan da ya san haka ba zai yi wa gwamna tambaya ba, ko da tambayar ita ce aikinsa.

Zaɓen fid da gwani na 2022 ya ƙara nuna inda ikon yake. 'Yan daliget ƙalilan daga kowace gunduma suka yanke wa miliyoyin mutane wanda za su gani a takardar zaɓe, kuma kowa ya ji labarin yadda kuɗi suka yi yawo a otal-otal a wannan mako. La'ah a nan ya tsaya, ba a babban zaɓe ba. Sai a ƙara da karɓa-karɓa tsakanin ƙananan hukumomi, inda ake ce wa mutum lokacin garinku ya ƙare, ba tare da an duba abin da ya yi ko bai yi ba.

Ba na so a ɗauka ina kiran a bar kowa a kujera har tsufa. Daɗewa kaɗai ba ta zama cancanta ba. Akwai waɗanda suka shekara goma sha biyu a zaure ba a taɓa jin muryarsu a kan wani abu da ya shafi mazaɓarsu ba, sai rabon babura da buhunan shinkafa in azumi ya zo. Kuma hanyar da ake sauke mutum ba da yardar jama'a ba, ita ce dai ake bi a ɗora shi ba da yardarsu ba. A Yobe ta Arewa Bashir Machina ne ya ci zaɓen fid da gwanin APC na farko a 2022, lokacin Ahmad Lawan na neman takarar shugaban ƙasa, amma jam'iyya ta miƙa sunan Lawan, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a Fabrairun 2023 da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. Kiranye kuwa, duk da yana cikin tsarin mulki, sai an tara sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, kuma har yau ba a taɓa cire ɗan majalisar tarayya ko ɗaya ta wannan hanya ba.

Muna da namu laifin. Da abin da sanata ya raba muke auna shi, ba da abin da ya hana a sace ba. In ya kawo taransifoma unguwarmu gwarzo ne, in ya kwana yana bin diddigin kuɗin matatar mai babu wanda ya sani. Gidajen rediyon Kaduna, da suke da masu sauraro har ƙauyukan Giwa da Kajuru, za su iya gyara wannan ba da wani tsada ba. Kowace shekara a kira sanatocin uku ɗaya bayan ɗaya, a buɗe layin waya, a tambaye su kwamitocin da suke ciki, zama nawa suka halarta, ina suka tsaya da aka kawo maganar bashi ko ta haraji, nawa aka ware wa ayyukan mazaɓarsu kuma a wane gari aikin yake. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na malamai, na direbobi da na tsofaffin ma'aikatan masaƙu su riƙa ajiye amsoshin. Sannan 'yan jam'iyya na gunduma su nace a kan a bar su su zaɓi ɗan takara da hannunsu, a fili, ba a ɗakin otal ba. Wanda amsarsa ta gamsar a mayar da shi karo na uku da na huɗu ko gwamna ba ya sonsa, wanda ya kasa a sauke shi ko da wa'adi ɗaya ya yi.