Kek ba Fulawa da Gandar da Ta Yi Boko

Sana'ata kek ce: na biki, na suna, na walimar saukar karatu. Wanda ya daɗe yana zuwa taro a wajajen Ƙofar Ƙaura da wuya bai ci na hannuna ba. Sai dai duk iyawar tawa a kan fulawa da sukari ta tsaya, su kuwa su ne likita ya hana maigidana bayan an auna jininsa an ga sukari ya fara hawa. Ga shi mutum ne da shayin safe ba ya wuce masa sai da abin tauna. Ƙanwarsa da ke aure a Abuja ta ji labari, ta ba direban mota gwangwanin garin kolajin ya kawo, ta biyo shi da saƙon murya kan wani ƙaramin kek na gwangwani, mafin, da ake yi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ba fulawa ko cokali guda. Na ce gyaɗa dai ba baƙuwa ba ce a Katsina, kek kuma a hannuna ya girma.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ita ta fara karɓar gwangwanin. Ta girgiza shi a kunne, ta buɗe ta shinshina, ta ce, "Wannan kuma garin mi ne?" Na yi mata bayani iyakar gaskiya. Kolajin furotin ne da ke cikin fata da jijiya da ƙashi, shi ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Masana'anta suna fitar da shi daga fatar shanu ko ta kifi, su daddatsa shi ƙanana yadda zai narke ko a ruwan sanyi ba tare da ya sake daskarewa ba, sannan su busar da shi ya zama gari. Ta tambayi kuɗinsa, na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Ta ajiye gwangwanin a hankali ta ce, "To. Ashe ganda ce ta yi boko."

Duk mai saye dai ya karanta jikin gwangwanin tukuna, don akwai na shanu, akwai na kifi, akwai kuma na alade, a nemi mai tambarin halal. Kar kuma a rikita shi da garin jelatin, wanda shi daskarewa yake yi, zai ba ka kek mai tauna kamar ana fushi da kai. Furotin ɗin kolajin ma ba cikakke ba ne, babu sinadarin tiriftofan da jiki ke buƙata a cikinsa, don haka ƙari ne a kan ƙwai da gyaɗa, ba madadinsu ba.

Ma'aunin da nake bi yanzu, na guda 9: markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 250, manyan ƙwai 3, kolajin giram 30, garin zaƙi na iritiritol (madadin sukari) giram 70, bekin soda rabin ƙaramin cokali, ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1, gishiri a bakin yatsa, fileba idan ana so. A kaɗa ƙwai da garin zaƙi da maburkaki minti biyu har ya yi kumfa, a zuba kolajin a kaɗa ya narke, sannan gyaɗa, sai soda da gishiri, lemon tsami a ƙarshe. A zuba a gwangwani mai takarda, kashi biyu cikin uku, a gasa a zafi digiri 175, minti 15 zuwa 18. A kek na yau da kullum fulawa ce ke gina jikin kek ɗin, bota ta ba da taushi. A nan gyaɗa ce ke ɗauke da aikin biyu, domin kusan rabin nauyinta mai ne, kusan kwata kuma furotin, sai ƙwai ya kame su idan ya ji wuta. Ke nan duk abin da ya sami gyaɗar ya sami kek ɗin, ba wata fulawa da za ta rufa mata asiri.

Na sayo gyaɗa a 'Yar Kutungu, na tsince duk mai baƙi da mai fumfuna da wadda ta motse, don irinsu ne ke ɗauke da gubar afalatoksin, kuma suya ba ta kashe ta. Na soya da yashi ta yi ruwan zuma, na murje na fece. Na ba ɗana na tsakiya ya kai inji, da umarni biyu: kar a sa ruwa, kuma a wanke injin tukuna. Ya ce to, Mama, irin to ɗin yaron da hankalinsa ke filin ƙwallo.

Ya dawo da markaɗe mai ɗan ja-ja, ya yi tauri, mai na kwance a kansa. Taurin na gane shi nan take: an sa ruwa. Ruwa kaɗan a markaɗen gyaɗa ba sassauta shi yake ba, dunƙule shi yake ya matso man waje, da haka ma masu ƙuli-ƙuli suke fitar da mai. Jan kuwa na ɗora wa ragowar ɓawo. Ranar Litinin ce ina azumi, ban ɗanɗana ba, ga murar hunturu ta toshe mani hanci. Na tuƙa da ƙarfin tsiya har man ya koma, na gasa. Suka fito tas, sun taso sun ɗan tsage a ka.

Bayan magariba na jera wa maigida biyu a faranti. Ya gutsura, ya tauna, ya yi shiru. Na ga idonsa ya ciko, na ce a raina Allah sarki, bawan Allah, daɗi ne ya tuna masa da kwanakin lafiya. Can ya ajiye ya ce, "Maman yara, likitan ne ya ce a sa attaruhu, ko ke kika ga ya dace?" Ashe yaron layi ya bi bayan mata masu markaɗen kayan miya, mai inji ya kora ragowar tattasai da attaruhun da kofin ruwa, ya koro su cikin gyaɗata. Hajiya kaɗai ba ta yi ƙorafi ba. Ta ci biyu tana jan hanci ta ce, "Wannan ai ya fi naki na biki, shi wancan ba shi da gaba ba shi da baya."

Wanda zai kai inji ya je da sassafe kafin masu miya, ya tsaya a kai, ko ya nemi injin da masu ƙuli-ƙuli ke kai tasu. A bilenda ta gida ma tana yiwuwa: a zuba gyaɗar da ɗuminta don man ya fi saurin fita, a kunna rabin minti a kashe a kankare gefe, a bar injin ya huta. Za ta zama gari, ta dunƙule, sannan ta saki jiki ta malale. Wanda ya tsaya a dunƙulewa ya yi gaggawa.

Hajiya ta ce mi ya kai ni wahalar inji alhali maƙwabciyarmu na da tunkuza kullum. Maganar babba, na karɓa. Tunkuza kuwa gyaɗa ce da aka riga aka tatse wa mai, watau an cire botar kek ɗin an sayar a kwalba. Kwaɓin ya ƙi zuba, sai da na danna shi cikin gwangwani da bayan cokali. Abin da ya fito bai tashi ba, ana taɓa shi yana rugujewa, ana haɗiya yana tsayawa a maƙoshi. Maigida ya kora da ruwa kofi biyu ya ce a ajiye ragowar don yaji na tsire. Idan tunkuzar ce kaɗai a hannu, a mayar mata da haƙƙinta: giram 200 na tunkuza, man gyaɗa babban cokali 4, a tuƙa har ta yi sheƙi. A kuma tambayi mai ita ko ta riga ta sa gishiri ko sukari.

Kanwa kuma ba da sanina ta shiga ba. Soda ta ƙare, na fita tsakar gida ina waya da mai shago, na dawo na tarar da Hajiya tana goge hannu a zane, fuskarta cike da alheri. "Na taimaka maki, ɗiyar nan. Da can da mi muke tada alkaki?" Jiƙon kanwa ta tsiyaya, a ido. Gaskiyarta ta wani ɓangare, kanwa da soda dangi ne, amma kanwa ta fi kaifi kuma ƙarfinta ba shi da ma'auni, kowane dunƙule da halinsa. Idan ta yi yawa takan duhunta kek tun bai nuna ba, idan kuma ta haɗu da mai a cikin zafi sai ɗanɗanon sabulu ya fito. Haka suka fito baƙi-ƙirin. Autana ya lasa ya ce, "Mama, wanki za a yi da shi?" Ita sodar kanta idan ta wuce rabin cokali ko aka manta lemon tsami, hanyar nan take bi. Wanda ba shi da soda ya sa bekin hoda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ya bar lemon tsamin.

Sai wanda aka yi dominsa ya sa nasa hannun. Na haɗa kwaɓi mai kyau na tafi kunna oben, ya bi bayana ya ƙara ludayin kolajin uku, a cewarsa tunda magani ne gara ya ji. Kolajin ba ya shan ruwa irin na fulawa, narkewa yake ya zama danƙo. Giram 30 kwaɓin zai ɗauka, 40 da ƙyar, 60 kuwa an fita batun kek. Sun taso sun yi tozo, ana fitowa da su tsakiyar ta lotsa, cikin ya zama alewa. Hajiya ta gutsura ya kama haƙorin Makkanta, ta yi ta fama da shi da harshe tana kallon ɗanta, ta kasa ko yi masa faɗa don bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Ban taɓa ganin an yi wa mutum mai furfura faɗa da ido zalla irin na ranar ba.

Wanda ya yi daidai ma ba a oben ya nuna ba, don ana zuba kwaɓi a gwangwani aka ɗauke wuta. Kwaɓin soda ba ya jira, da lemon tsami ya taɓa shi ya fara aiki, idan ya zauna rabin awa iskar ta tafi. Na koma hanyar iyayenmu: babbar tukunya, yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu, a kan gawayi. A ƙa'ida minti 15 yashin ke so ya ɗau zafi da murfi a rufe, don haka mai hankali ya ɗora tukunyar tun kafin ya fasa ƙwai, ni dai fifita na yi kamar za a ba ni lada. Kar gwangwani ya zauna a kan yashi kai tsaye, a ɗaga shi da waya ko gwangwanayen madara, domin gyaɗa tana saurin ƙonewa ta ƙasa, ɗacinta kuma ba ya gyaruwa. A rage garwashin ƙasa, a ɗora kaɗan a kan murfi. Minti 20 zuwa 25, kar a buɗe kafin 15. Tsinken sakace ya fito da ɗan burbushi mai laima, ba ƙal ba, idan ya fito ƙal an busar. Sannan a bar su minti 15 a gwangwani, don da zafinsu ba su da ƙashi, sai sun huce suke kama jiki.

Iritiritol zaƙinsa kusan kashi 70 cikin 100 na sukari ne, yana da wani sanyi-sanyi a harshe, ba ya sa kek ya yi ja, kuma idan aka cika shi ciki kan yi ƙugi. Masu ce mani a sa zuma ko dabino tunda na Allah ne: na Allah ne, amma sukarin ne dai aka dawo da shi ta ƙofar baya.

A lissafina kowane guda yana da furotin wajen giram 12, sitaci da sukarin da ke shiga jini bai wuce giram 4 ba, amma kalori kusan 200, saboda mai. Wannan na ƙarshen ne maigida bai tsaya ji ba. Da safe na leƙo na same shi ya tashi da biyar, yana korawa da shayi mai madarar gwangwani mai sukari. Na ce, "Abban yara, wannan fa kalori dubu ke nan, ban da shayin." Ya ce, "Ba ke kika ce ba fulawa ba?" Yanzu biyu nake fitarwa, sauran suna firji cikin roba mai murfi, inda suke kwana 5 lafiya. A zafin Katsina kar a bar su waje su wuce kwana biyu.

Hajiya kuwa ba ta manta da na attaruhu ba. Ta yi ta ba ƙawayenta 'yan adashi labari har suka ce a yi masu. Na gwada da gangan: garin zaƙi giram 30 kawai, garin barkono rabin ƙaramin cokali, citta rabi, gishiri ya ɗan fito. Ran Juma'a za a zo ɗaukar guda 36, na sayi gyaɗa tiya guda da kiret ɗin ƙwai, kuma har yanzu Hajiya ba ta ta da maganar kuɗi ba.