Sadarwar Kamfani a Matsayin Ƙaramin Fanni: Wa Ya Kamata Ya Ɗauka, Kuma Ina Ake Tuntuɓe?

Ɗalibanmu da ke samun gurbin karatu a Amurka sukan tarar da wani tsari da ba mu saba da shi a gida ba. Bayan babban fannin da za a ba ka digiri a kansa, kana iya rataya wani ƙaramin fanni a gefe. Digirin farko a can yawanci kiredit 120 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. Ƙaramin fanni kan ci 15 zuwa 21, wato kwas biyar zuwa bakwai, kowanne kiredit 3. A galibin jami'o'i yana fitowa ne a takardar sakamakonka, ba lallai ya hau kwalin digiri ba.

Ra'ayina a nan tsayayye ne: mai karanta injiniyanci, akanta, harhaɗa magunguna ko kimiyyar kwamfuta, in zai rataya wani abu, ya rataya sadarwar kamfani. Wanda babban fanninsa dama aikin jarida ne ko hulɗa da jama'a, shi kam ɓata kiredit zai yi, gara ya nemi ƙididdiga ko harkar kuɗi. Dalilina kuwa, kamfanoni cike suke da waɗanda suka san aiki amma ba su iya bayani ba, da waɗanda suka iya bayani amma ba su san aikin ba. Wanda ya haɗa biyun ne ake kira ɗakin taro ranar da abu ya ɓaci.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar fannin a matsayin daɗin baki da iya tsayuwa gaban kyamara. Ba haka ba ne. Mafi yawan aikin rubutu ne, da sanin wa za a fara gaya wa, da yaushe. Kamfani yana magana da ma'aikatansa, da masu hannun jari, da 'yan jarida, da hukuma, da mutanen garin da masana'antarsa take. Maganar dole ta zama ɗaya, ko da salon ya bambanta.

Ku dubi abin da ya samu kamfanin jiragen sama na United Airlines a Afrilun 2017. Jami'an tsaro sun jawo wani fasinja, likita, daga kujerarsa cikin jirgin kamfanin a filin jirgin Shikago, suka ja shi a ƙasa fuskarsa da jini, sauran fasinjoji na ɗauka da waya. Sanarwar farko ta shugaban kamfanin na lokacin, Oscar Munoz, ta ba da haƙuri ne a kan sauya wa fasinjoji jirgi, kamar ba a ga jinin ba. Sannan ya rubuta wa ma'aikata wata wasiƙa ta daban, yana kare su, yana ɗora laifi kan fasinjan. Wasiƙar ta fita waje, dama irinta ba ta zama a ciki. Sai bayan kwana biyu aka ba da cikakken haƙuri, lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Kuskure uku ke nan a jere: kalmar ofis a wurin da ake bukatar tausayi, baki biyu, da jinkiri.

Kishiyarsa shi ne Johnson & Johnson a 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha Tylenol, maganin ciwo na kamfanin, da wani ya sa wa guba. Kamfanin ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, ya gargaɗi jama'a su daina sha, daga baya ya dawo da maganin cikin marfin da ake gane in an taɓa shi. Abin lura, aikin ne ya riga maganar. Kwas mai kyau zai nuna maka cewa sanarwa ba ta wanke kamfanin da bai gyara komai ba.

Ga irin abin da ya kamata ka iya rubutawa kafin ka gama. A ce gobara ta tashi a sito da ƙarfe biyu na rana. Kafin uku sanarwar farko ta fita, jimla biyar sun isa: abin da ya faru da wurin da lokacin, abin da aka tabbatar kawai, jaje ga waɗanda abin ya shafa, matakin da aka riga aka ɗauka, sai lokacin da za a sake magana. Ba a ƙiyasin adadin waɗanda suka jikkata, ba a faɗin musabbabi kafin bincike, ba a kiran sunan kowa kafin iyalinsa su ji. Ma'aikata su samu saƙon kafin 'yan jarida ko a lokaci guda. In ka ce ƙarfe biyar za ka sake magana, to ka fito ƙarfe biyar ko da ba sabon bayani.

Saboda haka wajen zaɓen kwas, fifita masu sa ka rubutu duk mako. Bayan kwas ɗin share fage, nemi rubutun hulɗa da jama'a, sadarwa lokacin rikici, sadarwar cikin gida, da dabarun bincike da auna sakamako. In akwai wanda ake yi wa wata ƙungiya aiki na gaske, kada ya wuce ka. Duba manhajar kwas kafin rajista: in jarrabawa kawai ake yi ba aikin hannu, ka bar shi. Ka fita da jakar ayyuka mai ɗauke da sanarwar manema labarai biyu, tsarin tunkarar rikici ɗaya, wasiƙa ga ma'aikata, da bayanin wani abu mai sarƙaƙiya daga fanninka a shafi ɗaya yadda mahaifiyarka za ta gane. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuya.

Tuntuɓen da aka fi yi na tsari ne. Ɗalibi ya bari sai shekarar ƙarshe, ya tarar manyan kwasa-kwasan suna da na sharaɗi a gabansu, ko sau ɗaya ake bayarwa a shekara, ko an fara cike kujeru da 'yan babban fanni. Wasu sassan suna da mafi ƙarancin makin da suke karɓa, wasu suna iyakance kwas nawa za a lissafa maka a fanni biyu lokaci guda. Ka zauna da mai ba ka shawarar karatu tun aji biyu, ku zana zango-zango a takarda. Mai tallafin karatu kuma ya tabbatar tallafin zai biya in kiredit ya haura.

Ɗalibin da ke Najeriya, inda wannan tsari bai zama ruwan dare ba, yana iya kwatantawa da kwasa-kwasan zaɓi daga sashen aikin jarida, in sashensa ya amince. Wanda kuma yake son mayar da abin sana'a a gida ya sani cewa Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda ta samo asali a 1963, ta samu ikon doka a 1990 na yi wa masu wannan aiki rajista. Ƙaramin fannin da ka yo a waje ba ya ɗauke maka wannan rajistar.