Tsofaffin da suka gina tashar Broadway, da abin da ba a faɗa a kansu

Duk lokacin da hoton Turawan nan tsofaffi ya zagayo a Facebook, sun durƙusa cikin taɓo da riga mai ƙyalli suna jera bulo a tashar jirgin ƙasa kyauta, sai ka ga mutanenmu sun rabu biyu. Wasu su ce kai jama'a ku ga kishin ƙasa, mu ina muka ga wannan. Wasu kuma su ce ƙoshi ne kawai, wanda ya ƙoshi ai ba abin da ba zai yi ba. Ni dai a ganina duka biyun sun tsallake ainihin maganar.

Ɗauki Broadway, wani ƙauye a yankin Worcestershire na Ingila. An buɗe tasharsa a 1904, aka rufe a 1960, daga baya aka zo aka rushe ginin, har dandamalin da fasinja ke tsayawa bai tsira ba. Shi kansa layin dogon an daina bin sa a 1976, aka kwashe kwangirin. Sai wasu masu son jirgi suka haɗu a Toddington, wani ƙauye da ke kan layin, a farkon shekarun 1980 suka fara mayar da shi kaɗan-kaɗan, yau mil ɗaya gobe gada ɗaya, kuma jirgin fasinja bai sake tsayawa a Broadway ba sai Maris na 2018. Shekara 58 ke nan fa.

To shi dandamalin nan da ake gani kamar ba komai, shi ne aikin da ya fi cin rai. Ba wai ka zuba siminti ka tafi ba ne. A Birtaniya tsayinsa daga saman kwangiri milimita 915 ne a ƙa'ida, kuma tazararsa da layi sai an auna, in ya matso tarago ya goge shi, in ya yi nisa ƙafar yaro ta faɗa rami. Ga igiya an ja, ga mai kwaɓa siminti, ga mai turo baro, ga wani can gefe zaune da guduma yana kankare tsohon siminti daga jikin tsofaffin bulo ɗaya bayan ɗaya don a sake amfani da su, wai don tashar ta fito kamar yadda take a zamanin kakanninsu. Mutumin da wataƙila akawu ne ko malamin makaranta kafin ya yi ritaya, yanzu ya zama birkila, cikin sanyin da ke sa yatsa ya ƙi lanƙwasuwa.

Kishi akwai, ban musa ba. Amma kishi kaɗai ba ya jera bulo shekara da shekaru. Abin da ya riƙe su shi ne layin nasu ne. Kamfaninsu ne, an sayar da hannun jari, mutane suka zuba sama da fam miliyan 1 don a ƙarasa zuwa Broadway, kuma kowa ya san ba wani babba da zai zo gobe ya ce a yanka filin a yi shaguna. Sannan hukumar da ke kula da jiragen ƙasa ta ƙasar tana sa musu ido kamar kowa, ba ruwanta da cewa ku 'yan sa-kai ne. Ga kuma fansho da ke shigowa a kan lokaci, wanda shi ne gaskiyar da masu cewa ƙoshi ne suka hango. Dattijon da ke bin ofis-ofis da fayil yana neman haƙƙinsa, wa zai ce masa ya zo aikin kyauta ranar Laraba?

Kuma abin ya samo asali. Tun 1951 'yan sa-kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn a Wales, shi ne na farko a duniya da aka ceto ta haka. Na layin Ffestiniog ma, shi ma a Wales, da madatsar ruwa ta cinye musu hanya, sai suka sare sabuwa a jikin dutse daga 1965 zuwa 1978.

Ba wai su ma ba su da ciwon kai ba. Yawancinsu furfura ce, matasa ba sa zuwa yadda ake so, kwal ɗin da jiragensu ke ƙonawa ma yanzu sai an shigo da shi daga waje da tsada.

Mu kuma aikin gayya ba baƙonmu ba ne, mun gina masallatai da makarantun islamiyya da kwalbatoci da shi, kuma ka lura duk abubuwa ne da unguwa ta san nata ne. Tsofaffin tashoshin reluwe kuwa, irin na Baro da layinta ya iso Kano a 1911, ko ragowar ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, na hukuma ne, kai da ka taɓa ko kwano ɗaya sai ka kwana a caji ofis. Inda aka ɗan sassauta an ga aiki: a Ebute Metta ta Legas ƙungiyar Legacy ta gyara gidan Jaekel na reluwe ta mai da shi gidan tarihi. Don haka kafin a zage mu da rashin kishi, hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta fara gwada miƙa tsohuwar tasha guda ɗaya tak ga ƙungiyar gari, a rubuce, da sharuɗɗa da shekarun da aka yarda, tsofaffin ma'aikatan reluwe na Zariya da Kafanchan suna nan da ransu kuma sun san aikin.