A dawo da tsiro cikin kunun zaƙi

Yawancin kunun zaƙin da ake sayarwa yanzu cikin robobi a tasha da ƙofar makarantu, ruwan gasara ne kawai aka zuba wa sukari, wani lokaci ma sinadarin zaƙi da ake kira sakarin, wanda yake barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro bayan an haɗiye. A ganina mun yi sakaci da wani ilimi mai zurfi da iyayenmu mata suka riƙe tun kafin sukari ya wadata a kasuwanninmu, wato fitar da zaƙi daga cikin hatsin kansa ta hanyar tsiro, kuma dawo da shi ba ya buƙatar wani jari sai haƙuri da lura.

Yin tsiro ba boyayyen abu ba ne. Ana wanke dawa ko gero ko shanshera, a jiƙa kwana guda ana sauya ruwan, sannan a tsane a baza a kan buhu a cikin inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa huɗu za ka ga kowace ƙwaya ta fitar da farar saiwa siririya, saiwoyin sun sarƙe da juna har sai an sa yatsu an warware su, kuma idan ka tauna ƙwaya ɗaya za ka ji ta yi laushi ta fara gardi. A nan ake shanyawa a rana har ta bushe ƙarau, a murje, a sheƙe. Wannan murza da shiƙa wajibi ne musamman ga dawa, domin tohonta da saiwarta suna ɗauke da guba, abin da makiyaya suka daɗe da sani, shi ya sa ba sa barin dabba ta ci sabon tohon dawa.

Abin da yake faruwa a cikin ƙwayar shi ne, da ta ji danshi sai ta fara samar da wasu sinadarai da ake kira amilas, waɗanda aikinsu shi ne daddatsa sitaci ya koma sukari domin ɗan tsiron ya samu abinci. Shanyawa tana tsayar da girman tsiron amma tana barin sinadaran da ƙarfinsu. Sai dai suna da sharaɗi mai tsauri: sun fi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 60 da 70, kuma idan zafin ya wuce haka sosai sai su lalace. Ita kuwa dawa, sitacinta ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa sama, wato daidai inda sinadaran suke fara mutuwa. Dubi yadda mata suka warware wannan matsala ba tare da ma'aunin zafi ba. Suna raba ƙullu gida biyu, su sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa har ya yi kauri ya dahu, su bar shi ya sha iska, sannan su zuba ɗanyen kason da aka markaɗa da tsiro da busasshen dankalin Hausa da citta da kanumfari. Kana tsaye za ka ga kunun da ludayi yake tsayawa a cikinsa ya saki ya tsinke, kuma kafin gari ya waye ya yi zaƙi da ɗan tsami mai daɗi. Shi ma dankalin ba don ado ake sa shi ba, domin yana da yalwar nau'in amilas ɗin da tsiron dawa yake da ƙarancinsa.

Wannan mataki shi ne ainihin abin da masu dafa giyar sha'ir a gida suke yi a Ingila da Amurka, al'adar da ta bunƙasa a Amurka bayan shugaban ƙasar na lokacin, Jimmy Carter, ya sa hannu a dokar da ta halatta ta a 1978. Suna jiƙa ɓarzajjen tsiron sha'ir a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na kimanin awa ɗaya, su tace. Daga nan hanya ta rabu, domin su suna tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci da ƙamshi, su zuba yis su jira makonni har ya zama giya, abin da addininmu ya haramta kuma ba shi nake kira a yi ba. Abin da nake so mu ɗauka daga wurinsu shi ne awo da rubutu: suna auna hatsi da ruwa da zafi da lokaci, su rubuta, ta yadda abin da ya yi kyau yau za a iya maimaita shi gobe. Kamfanonin ƙasar nan ma sun san darajar dawarmu, domin tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma ga tsiron dawa, har a lemon malt da muke saye da tsada, kuma irin dawar da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta inganta yana cikin abin da suka dogara da shi. Abin yana yi mini ciwo a ce manomin dawa ya sayar da buhu da arha, ɗansa kuma ya sayi ruwan tsironta a gwangwani.

Na san masu sana'ar za su ce tsiro yana cin lokaci, kuma kunun ba ya jure ajiya. Gaskiya ne, amma busasshen tsiro yana yin watanni idan an adana shi inda babu danshi, saboda haka aikin mako ɗaya zai ɗauki mai sana'a tsawon lokaci, ga kuma ragin kuɗin sukari. Masu tsoron kada ya rikiɗe ya zama abin maye su ma suna da hujja, domin duk ruwa mai zaƙi da aka bari kwanaki a cikin zafi zai fara kumfa ya canza wari. Maganin hakan shi ne a tace da asuba, a sanyaya, a shanye a ranar, wanda ya fara kumfa kuma a zubar. Masu ciwon sukari kada su ɗauka wannan kunun ya zame musu lafiyayye, domin zaƙin tsiro ma sukari ne a jiki.

Abin da ya rage shi ne a samu masu niƙa busasshen tsiro mai tsabta su ƙulla a leda da bayanin awo, kamar yadda ake sayar da garin kunun gyaɗa da yaji. Mai farawa za ta iya gwada kashi ɗaya na tsiro ga kashi huɗu ko biyar na hatsi, ta bar dafaffen ƙullun ya huce har yatsa ya iya taɓa shi na ɗan lokaci kafin ta haɗa, sannan ta ƙara ko ta rage gwargwadon irin hatsin da take aiki da shi.