Ku bar yaran nan su sarara, dandamali daban, fim daban

Wallahi tun daren Asabar raina yake ɓace da abin da ake rubutawa kan wasan The Lion King da yaran nan na sakandare suka yi a Garwa ta Kamaru. "Ba haka yake a fim ba." "Ina gashin wuyan zakin?" Wani har ya jera hoton Simba, zakin katun ɗin, da hoton yaron da ya fito a matsayinsa, manya da gemunsu suna ta dariya a ƙasa. Ɗan mutane fa, wanda ya haddace waƙa da rawa bayan an tashi daga aji!

Jama'a, dandamali daban, fim daban. Su kansu masu labarin ba su kwafo katun ɗin ba. Disney ta fitar da The Lion King a 1994, aka kai shi dandamalin Broadway na birnin New York a 1997, kuma matar da ta tsara wasan, Julie Taymor, da gangan ta ɗora kan zaki bisa kan ɗan wasa ta bar fuskarsa a buɗe, don ka ga mutum ka ga dabba lokaci guda. Raƙuman dawa mutane ne a kan dogayen sanduna, kana kallon sandunan ƙuru-ƙuru. Birin nan Rafiki namiji ne a fim, a dandamali mace ke fitowa. Da wannan aikin Taymor ta ci Tony, babbar kyautar wasan dandamali ta Amurka, a 1998. Haka aka nuna shi a gidan wasan Mogador na birnin Paris, mutane na biyan kuɗi masu yawa su tafa. To don me yaran Garwa za su zama abin ba'a saboda sun yi kan zaki da ƙwarya, gashinsa da kaba?

An ce makirufo ya yi ta yankewa. Sai me? An ce ba su yi waƙoƙin asali daidai ba. Mawaƙi Lebo M na Afirka ta Kudu da waƙoƙin Zulu ya cika wasan, namu suka sa kalangu da kirari. Lokacin da yarinyar nan ta yi wa Mufasa, uban Simba, kirarin manyan dawa, tsigar jikina ta tashi, dattijuwar da ke gabana kuwa hawaye take sharewa. Katun bai taɓa yi mini haka ba. Masu cewa labarin Turawa ne kuma, ƙanin uba ya ci amanar yayansa don sarauta, wa zai koya mana wannan?

Wai ma, yara nawa cikinsu suka taɓa ganin zaki ido da ido? Ga gandun dajin Benuwe a kan hanyar Ngaundere, ga Waza can gaba da Marwa. Baƙi na tasowa daga Turai su zo kallo, 'ya'yanmu kuwa sai a waya. Shugabannin makarantu, don Allah, da rani ku nemi mota ko guda ce ku kai su, iyaye za mu haɗa kuɗin mai.