Abin da ya sa har yanzu nake komawa ga Dakta Rif'at Isma'il

Mu Hausawan da muka tashi a Jidda da Makka, muka yi karatu da Larabci, da yawanmu mun san Dakta Rif'at Isma'il, jarumin wasu ƙagaggun labaran ban tsoro na Masar, tun kafin a nuna fuskarsa a talabijin, domin ƙananan littattafan aljihu na Ma Wara'a al-Tabi'a, waɗanda marigayi Ahmad Khalid Taufik ya fara fitarwa a 1993, suna yawo hannu da hannu tsakanin ɗalibai har sai bangonsu ya yage. Marubucin, wanda shi kansa likita ne ɗan garin Tanta a Masar, ya rasu a 2018, bai ga wasan da aka gina a kan littattafan wanda Netflix ta fitar a Nuwamba 2020 cikin kashi 6 ba. Na sake kallonsa kwanan nan, kuma ra'ayina ya ƙara ƙarfi cewa darajarsa tana cikin irin tsoron da ya zaɓa, wato tsoron da muka gada a gida.

An kafa labarin a Masar ta 1969, lokacin da ƙasar ke cikin zaman ɗar-ɗar bayan yaƙin 1967 da Isra'ila, kuma mai shirya wasan, Amr Salama, da abokan aikinsa sun kula da zamanin sosai: tsofaffin motoci, rediyo a falo, wayar tarho mai igiya, tufafin malaman jami'a, da gidajen da hasken fitilarsu ba ya kai kowane lungu. Wannan duhun yana da amfani a labarin, domin mutumin da ba shi da waya a aljihu, idan ya ji motsi cikin dare, dole ya tashi da ƙafarsa ya je ya duba.

Kashin da ya fi kama ni shi ne na Naddaha, macen da ke kiran namiji da sunansa daga bakin ruwa cikin dare har ya bi muryar ya ɓace. Duk wanda kakarsa ta taɓa hana shi zuwa bakin kogi bayan magariba saboda 'yan ruwa, ko ya zauna da danginmu na garin Mai Wurno da ke gaɓar Nilu a Sudan ya ji hirarsu, zai gane cewa wannan tsoron ba baƙo ba ne. Haka kuma kashin dannau, abin da kusan kowane gida yana da wanda ya taɓa farkawa ya kasa motsi ya kasa ihu. Na san aƙidarmu game da aljanu daga Alƙur'ani da hadisi take, ba daga wasan kwaikwayo ba, kuma ina kallon wannan ne a matsayin tatsuniya, amma tatsuniya ce da ta san mutanenta.

Shi kansa Rif'at, wanda Ahmad Amin ya fito a matsayinsa duk da an fi saninsa da barkwanci, ba jarumi ba ne irin na finafinan Amurka. Likitan jini ne mai shekara 40, ramamme, mai yawan shan taba, mai gardama da zuciyarsa, wanda yake ganin fatalwar wata yarinya mai suna Shiraz da ya sani tun yarintarsa a garin Mansura, amma ya dage cewa ƙwaƙwalwarsa ce ke yaudararsa. Taurin kansa yana cutar da na kusa da shi, musamman Huwaida da ke jiran aurensa alhali zuciyarsa tana wajen wata Baturiya mai suna Maggie, kuma wasan bai wanke shi daga wannan laifi ba, abin da na yaba ƙwarai.

Akwai rauni, ba shakka. Dodon kogon da ke cikin hamada, wanda aka haɗa da kwamfuta, bai gamsar da ni ba, kuma kashi 6 sun yi kaɗan ga jerin littattafan da suka kai wajen 80. Duk da haka ina roƙon matasanmu da ke jin Larabci su kalle shi da muryoyin 'yan wasan na asali, domin rabin daɗinsa yana cikin yadda Rif'at ke gunaguni da harshen Misirawa.