Wa zai fara riƙe sanda? Musun 'yan kwamfuta da tsofaffin hannu a besbol

Wanda ya kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka a Kamaru a Fabrairun 2022 ai ba sai an tuna masa ba, Masar ta ajiye Mohamed Salah a fenariti ta biyar, Sanagal ta gama da su 4-2 tun layi bai zo kansa ba. To irin wannan musun Amurkawa ke yi a besbol ɗinsu, sai dai nasu kullum ne, don wasa 162 kowane kulob ke bugawa a kaka guda.

Kafin wasa koci zai rubuta sunan mutum 9 a jere, haka za su riƙa zuwa bugu ɗaya bayan ɗaya, in an kai na 9 a koma kan na 1. Abin da aka gada tun kaka da kakanni shi ne mai gudu kamar barewa ya fara, na biyu ya ɗan taɓa ƙwallo ko da za a fitar da shi don na farko ya matsa tasha ta gaba (tashoshin da ake bi a zagayo gida a ci maki), gwanin kulob ya zo na uku, sai ƙaton da ke cilla ƙwallo bayan katanga ya zo na huɗu ya kwaso kowa gida.

Masu lissafi suka ce an yi asara. A 2006 masanin lissafin besbol Tom Tango da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa gwanaye uku na kulob a gurbi na 1 da na 2 da na 4 ya kamata su zauna, don na uku sau da yawa yana zuwa ne an riga an fitar da mutum biyu kuma ba kowa a kan tasha, ko ya buga mai kyau ba wanda zai kawo. Ga kuma hujjar da ba ta buƙatar kwamfuta ma, duk gurbi ɗaya da ka sauko da mutum ka rage masa zuwa bugu kusan sau 18 a kaka, kenan in ka ɗauko gwaninka daga na huɗu ka kai shi na farko ka ƙara masa sama da sau 50.

Ni dai a nan ina bayansu ɗari bisa ɗari. Dubi Kyle Schwarber na Philadelphia, mutum ne mai jiki, ba gudu, a 2023 bugunsa da ya yi nasara ko kashi 20 cikin 100 bai kai ba, tsohon koci ko a mafarki ba zai sa shi farko ba, amma mutumin yana da haƙurin ƙin taɓa jifa mara kyau har a ba shi tasha ta farko kyauta, sau 126 aka ba shi a shekarar, ya kuma cilla 47 bayan katanga. A 2024 sau 15 yana buɗe wa kulob ɗinsa wasa da hom ran, wato cilla ƙwallo bayan katanga, ba wanda ya taɓa yin haka a kaka guda kafin shi. 'Yan kallo ba su gama zama da abincinsu a hannu ba allo ya nuna 1. Kulob ɗin Dodgers ma da mai fara musu bugu Mookie Betts ya karye a hannu a watan Yunin 2024 gwaninsu Shohei Ohtani suka mayar farko.

Amma fa inda 'yan kwamfuta ke ba ni haushi shi ne cika baki. Lissafin nasu da kansa ya ce tsakanin jeri mafi kyau da jerin gargajiya ribar ba ta wuce kamar wasa ɗaya zuwa biyu a cikin 162 ba. Wasa ɗaya na iya hana kulob shiga zagayen ƙarshe, na yarda, sai dai bai kai a mayar da kocin da ya shekara 30 a fili jahili ba. Shi ne ke ganin ɗan wasan da ya shigo da safe yana ɗingishi yana ɓoyewa, shi ya san wanda in ka sa shi farko hankalinsa ke tashi ya fara kai wa kowane jifa sanda. In mutum ya ce ya fi sakewa a na uku, ribar da ake nema ƙanƙanuwa ce, a bar masa abinsa mana. Abin da ba zan yafe ba kawai shi ne a ba mai rauni gurbi na biyu wai don haka aka saba.

Kuma duka ɓangarorin su tuna da koci Billy Martin. A watan Agustan 1972 kulob ɗinsa Detroit ya shiga jerin rashin nasara, sai ya rubuta sunayen 'yan wasa ya zuba a hula aka riƙa zarowa. Norm Cash mai ƙarfin bugu ya faɗo na farko, Ed Brinkman da ba a san shi da bugu ba ya faɗo na huɗu, gurbin ƙattai. Suka ci Cleveland 3-2, kuma bugun Brinkman ɗin ne ya farke musu.